Amfilifayata tana gurnani tun da na haɗa ta da talabijin, ta ina zan fara?

Baban_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da wata amfilifaya 'yar Japan da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Tun ina firamare take falonmu, da ita yake sauraron faifan garmaho da kaset bayan la'asar. Shekara biyu ke nan tana hannuna, ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Watan jiya na tare a sabon gida, sai na ce bari in haɗa ta da talabijin don a riƙa jin labarai da ƙwallo sosai. Tun daga ranar wani gurnani yake fita daga sifikun biyu, "huuum", ba ya tsayawa. Da rana hayaniyar unguwa tana rufe shi, amma da dare in na rage murya zan saurari karatu, shi kaɗai kunnena yake kamawa. Na ɗauke ta na kai wa mai gyaran rediyo, ya kunna a shagonsa, tsit, ya ce lafiyarta ƙalau. Wani abokina ya ce in sayi sitabilaiza. Kafin in kashe kuɗi na ce bari in ji ta bakinku.

Abu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Sayi sitabilaizar kawai, wutarmu ce ba ta da tsafta. Ni komai nawa a kanta yake.

Mai_Dalma:
Malam Abu_Hanan, a yi haƙuri, sitabilaiza ba ta maganin gurnani. Aikinta ɗaga wuta in ta yi ƙasa, rage ta in ta yi yawa. Wata ma ita kanta gurnani take yi, ga ƙas-ƙas ɗin da take sakawa a sifika duk lokacin da ta canza mataki.

Baban_Sadiq, kada ka sayi komai tukuna. Shekarata ashirin da wani abu ina gyaran waɗannan kaya, abin da zan gaya maka ba ya cin ko sisi. Kashe amfilifayar, ka zare duk wayar da ke bayanta: ta talabijin, ta garmaho, ta kaset, komai. Ka bar wayoyin sifika da wayar wuta kawai. Sai ka kunna ka saurara. Ka faɗa mana abu uku. Gurnanin yana nan ko ya tafi? In yana nan, yana ƙaruwa in ka murɗa murya, ko yadda yake haka yake? Sannan ka kara kunnenka a jikin akwatin, daga sifika yake fitowa ko ƙarfen ne da kansa yake rawa? Kuma ka riƙa kashewa kafin kowace waya da za ka zare ko ka mayar, don ƙarar da take yi in an zare ta a kunne tana iya ƙona ƙaramar sifikar sama.

Ummu_Yasmin:
Ina biye da ku, don mu ma tamu tana yi, amma namu ba gurnani ba ne. In aka murɗa maɓallin murya sai ka ji "ƙarrr ƙarrr" kamar ana yaga takarda, wani lokaci sifika ɗaya ta ɗauke sai an ɗan jijjiga maɓallin.

Mai_Dalma:
Hajiya, naki mai sauƙi ne, ƙura ce ta shiga cikin maɓallin. Bayan hunturu rabin kayan da ake kawo mini wannan ce matsalarsu. Akwai man feshi na wanke kayan lantarki, wanda yake bushewa nan take. A cire fulogi daga bango, a buɗe murfin, a fesa a 'yar ƙofar da ke bayan maɓallin, a murɗa shi hagu da dama kamar sau talatin. Kada a yarda a sa man sakin tsatsa na makanikai, yau zai yi shiru, bayan wata biyu ya kama ƙura ya zama kwaɓa. In ba a yin amfani da ita a riƙa yafa mata ƙyalle, amma a ɗauke shi in za a kunna, tana buƙatar iska.

Baban_Sadiq:
Maigida Mai_Dalma, na yi yadda ka ce bayan sallar isha. Da na zare komai, gurnanin ya tafi kusan gaba ɗaya. Sai na kai kunnena dab da sifika nake jin wani ɗan siririn "zzz", kuma murɗa murya ba ya canza shi. Na mayar da kaset, shiru. Na mayar da garmaho, shiru. Ina mayar da wayar talabijin, ja da farar nan, sai ga shi ya dawo, kuma in na ƙara murya yana ƙaruwa.

Injiniya_Zazzau:
Madalla, ka gama rabin aikin. Shi ya sa ta yi shiru a shagon mai gyara, ai ba ka kai masa talabijin ɗin ba. Bari in yi bayanin abin da nake zato.

Wutar da muke amfani da ita a Najeriya da Nijar tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, shi ne 50Hz da kuke gani a bayan kaya. Gurnanin nan mai kauri da kake ji, muryar wutar ce kanta ta sami hanyar shiga. Wayar ja da fara tana da jijiya a tsakiya mai ɗauke da sauti, da saƙar waya a kewaye wadda take haɗa jikin talabijin da jikin amfilifaya. In kayan biyu kowanne yana da tasa hanyar zuwa ƙasa, misali ɗaya ta soket ɗin bango, ɗayan ta wayar dish da ta fito daga rufi, to an sami zobe. 'Yar wuta kaɗan za ta riƙa zagaya zoben nan, tana bi ta saƙar wayar sautinka, amfilifaya kuma ba ta san bambancinta da kiɗa ba, sai ta ƙara mata ƙarfi ta miƙa wa sifika.

Gwaji na gaba: bar talabijin a haɗe da amfilifaya, ka kwance wayar dish daga bayan dikoda. In babu canji, zare wayar da ta haɗa dikoda da talabijin. Sannan ka gwada sa fulogin su ukun a kan soket mai tsawo guda ɗaya.

Dan_Maradi:
Sannunku da aiki. Ni nan wajenmu fulogi mai ƙafa biyu muke da shi, zagayayye irin na Faransa. Tawa ta taɓa yin haka, sai na zare fulogin na juya shi na mayar, gurnanin ya ragu sosai. Ban biya kowa ba. Ku da kuke da mai ƙafa uku ba ya juyuwa, amma in tsohuwar amfilifayar mai ƙafa biyu ce a gwada.

Sarkin_Kida_KT:
Ku daina wahalar da bawan Allah. Ni mai sa kiɗa ne a wajen biki, kullum muna haɗuwa da wannan. Karya doguwar ƙafar fulogin, ta saman nan, gurnani ya mutu nan take. Na yi ya fi sau goma.

Injiniya_Zazzau:
Don Allah kada kowa ya yi wannan. Na san yana kashe gurnanin, shi ya sa yake da haɗari, mutum zai ga kamar ya yi gyara. Doguwar ƙafar nan ita ce wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Ranar da wata waya ta goge a ciki ta taɓa jikin akwatin, ita ce za ta kwashe wutar ta sa fis ya ƙone. In ka karya ta, wutar za ta zauna a jikin ƙarfen, bolt 230, tana jiran wanda zai taɓa. Baban_Sadiq yana da yara a gidan, ga tayil, ga ƙafa ba takalmi.

Sarkin_Kida_KT:
Injiniya, gidaje nawa ne a unguwarmu suke da wayar ƙasar ma? Buɗe soket ka gani, waya biyu ce a ciki, ramin na ukun fanko. To me na karya?

Mai_Dalma:
A nan Sarkin_Kida ya faɗi gaskiya, ko da yake shawararsa ba abin bi ba ce. Kuma wannan ne ya sa nake ɗan saɓa wa Injiniya kan maganar zobe. Zobe yana buƙatar hanya biyu zuwa ƙasa. Yawancin gidajen haya da nake shiga ko ɗaya babu. Abin da na fi gani shi ne: talabijin na zamani da dikoda suna da wasu ƙananan kafasita, 'yan kayan da suke riƙe wuta na ɗan lokaci, a sashen wutarsu, waɗanda suke zubo 'yar wuta kaɗan zuwa jikin na'urar. In akwai wayar ƙasa sai ta tafi. In babu, sai ta tsaya, ka sa mita ka ga wajen bolt 100 a jikin dikoda, ba ta da ƙarfin kisa amma tana tsikari. Ita ce take gangarowa ta wayar ja da fara.

Baban_Sadiq, in ka taɓa bakin ƙarfen wayar dish ko bayan dikoda da bayan hannunka, kana jin wani ɗan tsikari kamar tururuwa?

Baban_Sadiq:
Wallahi ina ji! Ranar da nake haɗawa ma sai da ya ɗan fizge ni a yatsa, na ɗauka haka abin yake. Na gwada abin da Injiniya ya ce kuma: da na kwance wayar dish, gurnanin ya ragu kamar da rabi, bai tafi ba. Da na zare dikodar gaba ɗaya daga talabijin ya ƙara raguwa. Haɗa su a soket ɗaya ya taimaka kaɗan. Fulogin amfilifayar mai ƙafa biyu ne, na juya shi kamar yadda Dan_Maradi ya ce, ban ji wani bambanci ba.

Yaro_Mai_Sola:
Tambaya ɗaya ba wanda ya yi. Wace wuta kake kai lokacin da kake ji? NEPA, janareta, ko inbata? Inbatoci masu araha ba sa ba da wuta mai santsi, tasu hawa-hawa take kamar matakala, kuma duk abin da yake da tiransifoma a ciki sai ya yi kuka a kanta, har fanka. Kukanta kaifi ne da shi, "zzzz", ba kauri ba. In za a sa kayan sauti a kan sola, a nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta.

Baban_Sadiq:
Ba ni da inbata, ɗan'uwa. NEPA ce, sai ƙaramin janareta in an ɗauke. A kan janareta ban ma cika kunna ta ba, tsoro nake ji.

Ladan_Unguwa:
Tunda ana maganar, ni nake kula da lasifikar masallacinmu. Namu abu biyu ne. In liman ya matso kusa da sifikar ciki sai ta yi wani ihu mai tsinin gaske. Na biyu kuma, wani lokaci tsakiyar huɗuba sai a ji "dit-dirit-dit-dirit".

Injiniya_Zazzau:
Malam Ladan, na farkon makirfon ne yake jin muryar sifika, ya mayar mata, ta sake fitarwa, abin ya yi ta zagayawa. A sa sifikun a gaban makirfon suna kallon jama'a, kada su kalle shi, a rage murya kaɗan, liman kuma ya kusanto da bakinsa. Na biyun wayar hannu ce a aljihun wani kusa da amfilifaya ko wayar makirfon. Layin 2G yana aika saƙonsa a guntu-guntu, kusan sau 217 a daƙiƙa, shi ne kake ji kafin kira ya shigo. A nisanta wayoyi daga wajen.

Mu koma kan Baban_Sadiq. Maigida Mai_Dalma, na karɓi gyaranka, tsikarin nan ya nuna akwai zubar wuta kuma da alama gidan ba shi da ƙasa. Amma raguwar da aka samu da aka kwance wayar dish tana nuna ita ma tana da hannu, dish ɗin yana kafe a bango ko a kan ƙarfe, yana iya samun tasa hanyar. Ina ganin biyun ne suka haɗu.

Abu_Hanan:
To akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a wayar eriya yana raba ta da ƙasa. Na gani a intanet. Ya sa wa wayar dish ɗin mana.

Dish_Master_Jos:
A'a yallaɓai, wannan na eriyar gida ce. Ni aikin kafa dish nake yi. Kan dish ɗin nan da ke gaban faranti, dikoda ce take aika masa wuta ta cikin wayar, bolt 13 ko 18. Abin da kake faɗa yana tare irin wannan wutar, kana sa shi tashoshi za su ɗauke gaba ɗaya. In za a raba, a raba ta ɓangaren sauti.

Hi-Fi_Kaduna:
Hanya mafi tsafta ita ce ta haske. Baban_Sadiq, duba bayan talabijin ɗinka, akwai wata 'yar ƙofa mai kusurwa huɗu, an rubuta optical, in talabijin yana kunne za ka ga jan haske a ciki. Wayarta ba ƙarfe a cikinta, zaren roba ne da haske yake bi, don haka babu ta inda wuta za ta tsallaka. Amfilifayar Baba ba ta san wannan ƙofar ba, sai ka sayi ƙaramin akwatin da yake karɓar hasken ya fitar da ja da fara, girmansa bai wuce akwatin ashana biyu ba. Abu biyu da mutane suke kuskurewa: na ɗaya, sai ka shiga saitin sauti na talabijin ka zaɓi PCM, in ba haka ba ko shiru ko wani shuuu mai ƙarfi za ka ji. Na biyu, akwatin yana cin bolt 5, kada ka ɗauki wutarsa daga ramin USB na talabijin, in ka yi haka ka sake haɗa abin da ka raba. Ba shi cajarsa daban, mai kyau, don caja ta bogi ita ma tana da nata kukan.

In talabijin ɗin ba shi da ƙofar haske, akwai wani abin da masu haɗa kiɗan mota suke sayarwa, ƙananan tiransifoma biyu ne a ciki, ja da fara su shiga, ja da fara su fita. Yana aiki, sai dai masu arahar suna cinye ɗan kaurin ganga.

Mai_Dalma:
Na yarda da Hi-Fi_Kaduna, amma kada a manta da tsikarin. Wayar haske za ta rufe bakin sifika, dikodar kuma tana nan tana tsikarin yara. A kira mai wayarin ya buɗe soket ya duba. In babu ƙasa, a kafa sandar jan ƙarfe a wajen da yake samun laima, a ja waya zuwa akwatin fis, a raba wa soket-soket. Masu aikin suna zuba gawayi da gishiri a ramin, da rani kuma a riƙa ba wajen ruwa, don busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne wanda zai ɗauki 'yar waya ya haɗa ramin ƙasa da ramin shuɗiyar waya, wato wadda wuta take komawa ta cikinta, a cikin soket ya ce ya gama. Ranar da shuɗiyar ta tsinke a hanya, ko aka juya wayoyin a kan fol, jikin kayanka duka ya zama wuta.

Ummu_Yasmin:
Maigida Mai_Dalma, Allah ya saka da alheri. Maigidan ya samo man feshin jiya, an yi yadda ka ce, ƙarar ta tafi, sifikar hagu ma ta dawo.

Alhaji_Tsohon_Faifai:
Yarana, na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Baban_Sadiq, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe kayan mahaifinka. Ina da irinta tun 1982. Abu biyu zan ƙara. Garmahon nan yana da wata siririyar waya ta uku mai bakin ƙarfe kamar cokali mai yatsu, wadda ake ɗaurewa a wani ɗan kusa a bayan amfilifaya, an rubuta GND. In ka tashi mayar da kaya bayan duk wannan zare-zaren, kada ka manta da ita, in ba haka ba za ka sami sabon gurnani ka ɗauka tsohon ne. Kuma kada ka sa talabijin a ramin da aka rubuta PHONO, wannan na allurar faifai ne kaɗai, sautinta ƙanƙani ne ƙwarai shi ya sa ramin yake ƙara masa ƙarfi ninki-ninki. AUX ko TAPE za ka sa.

Na biyu, duba bayanta ka ga wutar da aka rubuta. Da yawa cikin na gwanjo da ake kawowa na Amurka ne, bolt 120 da 60Hz, na cikin Japan kuma bolt 100. Ana sa musu tiransifomar rage wuta su yi aiki, amma wanda aka naɗa don 60 yakan fi zafi da rawa a kan 50 ɗinmu. Wasu kuma suna da maɓallin zaɓen wuta a baya, a tabbata yana kan 220 ko 240.

Baban_Sadiq:
Amin Baba, na gode. Na duba, tana da maɓallin, yana kan 240, kuma a AUX na sa talabijin tun farko. Yau na shiga kasuwa na samo akwatin hasken da wayarsa. Da farko shiru, sai na tuna maganar PCM, ina canzawa sauti ya fito. Jama'a, babban gurnanin ya tafi. Na ƙure murya ba tare da an sa komai ba, babu shi. Saura wannan siririn "zzz" da na faɗa tun farko, wanda yake nan ko an zare komai. Daga kujera ba na jin sa sai dare ya yi tsit. Mai wayarin zai zo ranar Asabar.

Mai_Dalma:
Alhamdulillahi. Wannan sauran a cikinta yake, tunda murɗa murya ba ya taɓa shi kuma sifikun biyu suna yi. Ina zargin manyan kafasitocin nan biyu da ke kusa da tiransifoma, masu kama da gwangwanin tumatir. Aikinsu tace wuta bayan an daidaita ta, in suka tsufa ruwan cikinsu ya bushe sai su bar 100Hz ya wuce, ninkin na bango, shi ya sa muryarsa ta fi ta farkon siranta. Shekara arba'in a zafin ƙasar nan ba wasa ba ne. A canza su da masu lamba ɗaya, bolt ɗinsu daidai ko sama, masu jure zafin digiri 105. Kada ka sa hannu da kanka, suna riƙe wuta bayan an kashe, kuma in aka juya ƙafafunsu fashewa suke yi.

Hi-Fi_Kaduna:
Ni da zan ba da shawara, a bar su tukuna. Kusan duk tsohuwar amfilifaya tana da ɗan wannan in ka manna kunne a sifika. In ba su kumbura ba, ba su zubar da ruwa ba, to na asalin nan sun fi yawancin abin da za a samu a kasuwa yanzu. Na taɓa fasa wani sabo da na saya saboda na ji shi ba nauyi, sai ga ɗan ƙaramin kafasita a cikin babban gwangwani.

Mai_Dalma:
Na jabu suna nan, ban musa ba, shi ya sa ake aunawa kafin a ɗaura. Amma kafasita yana iya bushewa bai kumbura ba, ido ba ya gani.

Injiniya_Zazzau:
Kafin a buɗe ta, Baban_Sadiq, sauke manhajar auna sauti a wayarka, ka kara ta a bakin sifika ka ga inda layin ya fi tsayi, 50 ne ko 100. Kuma ka gwada kashe ƙwan fitilar falon da na'urar rage gudun fanka ka ji ko zai canza, irin na zamanin nan suna watsa ƙara a cikin waya. Ka turo mana hoton abin da manhajar ta nuna, da na soket ɗin in mai wayarin ya buɗe.

Baban_Sadiq:
To Injiniya, in sha Allahu yau da dare in yara sun kwanta zan auna. Maigida Mai_Dalma, lambar da ke jikin gwangwanayen ana iya hango ta ta ramukan iskar sama, in haska fitila in karanto maka, ko sai an cire murfin?